Wa Zai Yashe Rijiyar?



Ni ilimin harsuna nake karantawa, don haka wanda ya ga na tsoma baki cikin maganar ƴan informatik ya yi mini uzuri. Abin da ya jawo ni wata ƴar gardama ce da aka yi gabana a Maraɗi lokacin babban hutun da ya wuce, wadda har yau ba ta bar ni na huta ba.

Abokina da muke ɗaki ɗaya a Yamai ɗan unguwarmu ne, shi informatik yake yi. Da hutu wani Alhaji mai shigo da kaya ya nemi a yi masa shafin intanet, inda abokan cinikinsa na Damagaram da Tawa da Agadas za su riƙa ganin kaya da farashi, su yi oda ba sai sun buga waya ba. Abokina ya yi kwana goma sha biyu yana haɗa samfuri, yawanci da tsakar dare, lokacin da wuta ta fi zama. Ran da zai kai aikin ya ce in raka shi. Muka tarar da Alhaji a kanti tare da wani ɗan ƙanensa da ya yi karatu waje, shi ne mai ba shi shawara a kan irin waɗannan abubuwa.

Mutumin ya karɓi kwamfutar, ya danna nan ya danna can, komai na tafiya daidai. Sai ya ɗago kai.

— Da wane harshe ka rubuta shi?

— Da PHP, yaya.

Ya yi murmushi, ya juya wajen Alhaji.

— Baba, wanga abin banza ne. Kyauta ake ɗaukar shi bisa intanet, kowane yaro na iya sauke shi. Manyan kamfanoni ba su aiki da irin wanga. Su nasu saye suke da tsada.

Alhaji ya dubi abokina.

— Yaro, abin da ka samu banza shi za ka saida mini jika ɗari uku?

— Ranka shi daɗe, aikin hannuna nike saidawa, ba harshen ba.

— To, araha dai ba ta ado. Ku tahi, in na yi shawara zan neme ku.

Muka fito. Har muka iso gida abokina bai ce uffan ba. Kuɗin nan da su ya yi niyyar canja batirin kwamfutarsa, ya kuma rage wa mahaifiyarsa ɗawainiyar komawarsa makaranta. Da dare a fada, shayi na kan wuta, sai ya ce da ni:

— Kai da kake son bincike, duba mini. Da gaske manya ba su aiki da shi? In haka ne, shekara biyu ke nan ina ɓata lokacina.

Abin da na tarar

Kafin amsa, bari in warware kalmomi biyu, don aikina ke nan.

Kwamfuta ba ta jin kowane harshe sai nata na lambobi. Duk abin da mutum ya rubuta mata sai an mayar da shi wannan harshen. Hanya biyu ake bi. Ta farko irin ta mai fassara littafi ce: ya zauna ya juya shi duka tun daga bango har bango, sannan a miƙa wa mai karatu. Haka ake yi da harsuna irin su C. Ta biyu irin ta tafinta ce: kana magana yana juyawa nan take, jimla bayan jimla. PHP da Python da Ruby da JavaScript a wannan gida suka tashi, don haka a nan zan kira su harsuna masu tafinta. Sun fi sauƙin koyo, rubutu da su ya fi sauri, amma a wajen gudu sukan bi bayan na farko, kamar yadda hira da tafinta ta fi cin lokaci.

Kalma ta biyu ita ce buɗaɗɗen tushe. Manhaja mai buɗaɗɗen tushe ita ce wadda aka bar rubutunta a fili: kowa na iya karantawa, ya gyara, ya yi aiki da ita, ya ba wani, bisa sharuɗɗan lasisin da ke kanta.

To, ga abin da na samo wa abokina. PHP wani mutum ne, Rasmus Lerdorf, haifaffen Girinlan, ya fara shi don ya riƙa ƙirga masu leƙa shafinsa na neman aiki, ya sake shi ga jama'a a 1995. Da wannan harshen aka rubuta Facebook a 2004. Manhajar da ke ɗauke da Wikipedia, har da ta Hausa, da PHP aka rubuta ta. WordPress ma haka, kuma masu ƙididdiga sun nuna fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a kansa suke zaune. Python kuwa Guido van Rossum ne, mutumin Holan, ya fitar da shi a 1991. YouTube ya dogara da shi ƙwarai a shekarunsa na farko. Instagram an gina shi da Django, wani tsarin aiki na Python da ma'aikatan wata jarida ta garin Lawrence a jihar Kansas ta Amurka suka ƙera don buƙatar kansu, suka sake shi a 2005. Lokacin da Facebook ya sayi Instagram a 2012 a kan dalar Amurka biliyan ɗaya, ma'aikatan Instagram 13 ne. Ruby na wani ɗan Japan ne, Yukihiro Matsumoto, ya fito a 1995, kuma da shi aka gina GitHub da Shopify. JavaScript kuwa, wanda Brendan Eich ya tsara cikin kwanaki kusan goma a 1995, da wuya ka buɗe shafi yau ba ya aiki a ciki.

Amsa ke nan: suna aiki da su, kuma ba a ɓoye ba. Mutumin da ya ce da abokina abin banza ne, wayar da ke hannunsa cike take da abin nan.

Amma kada in zalunce shi, akwai ƙwayar gaskiya a maganarsa. Twitter ya fara da Ruby a 2006, da jama'a suka yi yawa ya riƙa faɗuwa, har daga baya aka mayar da manyan sassansa zuwa Scala da Java. Facebook ma da nauyi ya yi masa yawa, a 2010 ya fito da wata dabara mai suna HipHop da ke juya PHP zuwa C++ don ya ƙara gudu, a 2014 kuma ya fito da nasa karin harshen, Hack, wanda daga PHP ya tsiro. Wato harshe mai tafinta yana da iyaka in masu shiga sun kai miliyoyi barkatai. Sai dai a lura da abu biyu. Harsunan da aka koma gare su, su ma buɗaɗɗu ne. Sannan shafin Alhaji, in ya samu mutum ɗari biyu a rana, an yi babbar kasuwa. Wanda zai kai buhu biyu Tibiri ba ya hayar tirela.

Me ya sa muke tambaya haka?

Na kai wa abokina wannan bayani, ya ji daɗi, ya ce gobe sai ya koma ya karanta wa mutumin. Ni kuwa sai na tsinci kaina ban gamsu ba. Na lura duk mu ukun, da ɗan ƙanen Alhaji da abokina da ni, ma'auni ɗaya muka ɗauka. Shi ya ce abin ba shi da daraja don manya ba su taɓa shi. Mu muka ce yana da daraja don manya na taɓa shi. Ba wanda ya tsaya ya ce: shafin nan yana yin aikin da aka nema ko ba ya yi? Ga shi kuwa mutumin da hannunsa ya gwada, komai na tafiya.

Wannan ma'aunin na san shi, don a kan harshenmu aka fara gwada mini shi. Tun a firamare muka tashi da cewa Faransanci shi ne harshe, namu kuwa na gida ne da kasuwa. Da yawanmu mun rataya alamar nan da ake ba wanda ya yi Hausa a aji. Har a jami'a na ji ɗalibi yana cewa ba a iya koyar da lissafi da Hausa, hujjarsa ita ce babu babbar ƙasar da ke yi. Shekarar farko a sashenmu aka koya mana cewa babu harshen ɗan Adam da aka halitta naƙasasshe. Faransancin nan da kansa ya daɗe yana matsayin harshen talakawa a ƙarƙashin Latin, sai a 1539 sarki Faransuwa na Ɗaya ya ba da dokar Villers-Cotterêts, wadda ta sa shi cikin takardun shari'a da na mulki. Ran da aka sa hannu a dokar nahawunsa bai canja ba. Masu iko ne suka juyo wajensa.

Ba na so in ja kwatancin ya wuce inda ya tsaya. Harshen kwamfuta ba harshen mutum ba ne. Ba a yi wa jariri tawai da Python, kuma tsakanin harsunan kwamfuta akwai bambancin gudu na gaske da ake iya aunawa da agogo. Abin da ya yi kama shi ne halinmu: mu kan jira wani babba ya taɓa abu kafin mu yarda yana da kyau.

Sai kuma kalmar da Alhaji ya yi amfani da ita: banza. Ku duba ta da kyau. In na ce na samu abu a banza, ina nufin ban biya ba. In na ce abu na banza ne, ina nufin ba shi da amfani. Kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu, kuma mai magana na iya zamewa daga wannan zuwa waccan bai ankara ba. Alhaji ya fara da ta farko, ya ƙare da ta biyu. Masu Ingilishi su ma suna da tasu matsalar, don kalma ɗaya gare su ta kyauta da ta ƴanci, shi ya sa Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU a 1983, ya sha nanata cewa ƴanci yake nufi ba rashin farashi ba. Faransanci ya raba su: libre daban, gratuit daban. Hausa kuwa tana da kalmar da ta fi dacewa da wannan abu, ita ce kyauta. Banza ba ta da mai ita, tsintuwa ce. Kyauta kuwa akwai hannun da ya miƙo ta. Kuma mu a wajenmu an san abin da ke bin kyauta: yaba kyauta tukuici.

Daga nan tambayata ta canja. Na daina tambayar ko manya na sha daga wannan rijiya, tunda na gan su a bakinta. Na koma tambayar me ke kan wanda ya sha.

Wuta ce ko rijiya?

Da na kawo wannan magana a fada, wani abokinmu mai karanta shari'a ya tare ni.

— Malam, mi ke kansu? Lasisi ya ce kowa ya ɗauka. Sun ɗauka. Ina laihi?

Gaskiyarsa ta fuskar doka. Lasisin PHP da na Python masu sassauci ne, ba su tilasta wa kowa ya mayar da komai ba. Ko lasisin GPL, wanda ya ce in ka gyara manhaja ka rarraba ta dole ka buɗe gyaranka, bai cika kama kamfanonin intanet ba, don su ba rarrabawa suke ba, a kan manyan kwamfutocinsu suke gudanar da ita, mu muna leƙowa daga nesa. Saboda wannan ƙofa ne aka fito da wani lasisin mai suna AGPL. Ke nan kamfanin da ya ɗauka ya yi shiru bai yi sata ba.

Ya ƙara da hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi. Ya ce manhaja kamar wuta ce. In maƙwabciya ta aiko yarinya ɗibar wuta a murhunku, taku ba ta raguwa. Facebook ya ɗauki PHP, na abokina bai ragu da ko harafi ɗaya ba. To a kan me za a bi shi bashi?

Na kwana biyu ina juya wannan. Inda na tsaya shi ne: rubutun ba ya raguwa, gaskiya ne, amma rubutun ba shi kaɗai ne manhaja ba. Manhaja sai da kulawa. Kullum ana gano kurakurai, ɓarayin intanet na neman kafa, na'urori na canjawa. Akwai mutanen da ke zaune suna toshe waɗannan ramuka, da yawansu bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Lokacinsu da ƙarfinsu shi ne abin da ke raguwa, kuma gwargwadon yawan masu amfani, gwargwadon yawan koke-koken da ke sauka kansu. Don haka ni rijiya na gani. Ruwan na tsattsafowa da kansa, amma yashi na zubawa, bakin na zaizayewa, igiya na cinyewa. In ba a yashe ta ba, wata rana guga zai fito da laka.

Ga misalai biyu da suka nuna mini haka. A watan Afrilu na 2014 aka gano wani rami da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin mutane a shafuka masu ɗimbin yawa, har da na manyan kamfanoni. Da duniya ta waiwaya ta ga masu kula da ita, sai aka tarar ƴan mutane ne ƙalilan, gudummawar da ke shigo musu kuwa ba ta wuce dalar Amurka wajen 2,000 a shekara ba. Bayan abin ya faru ne Google da Microsoft da Facebook da Amazon da wasu suka haɗa kuɗi ta hannun gidauniyar Linux don tallafa wa irin waɗannan ayyuka.

Na biyu ya fi ba ni mamaki, don rigimar suna ce. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, yana da wani ɗan aiki mai suna kik a rumbun npm, inda masu JavaScript ke ajiye kayansu. Kamfanin Kik ya ce sunansa ne, masu rumbun suka ba kamfanin gaskiya. Mutumin ya yi fushi ya kwashe duk kayansa, sama da 250. A cikinsu akwai wani mai suna left-pad, layi 11 kacal, aikinsa cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Ashe dubban ayyuka sun jingina da shi, wasu kai tsaye, wasu ta hannun wani. Cikin ɗan lokaci aiki ya tsaya wa masu rubuta manhaja a ko'ina, har sai da masu rumbun suka maido da shi ba da yardarsa ba. Kafin wannan rana, mutum nawa cikin masu cin moriyarsa suka san sunansa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A ƙauyen kakannina, in za a yi yasar rijiya, ba a aiko wa kowa takarda. Ana sanarwa, mutane su fito. Ba dokar da ta ce wanda ya ƙi fitowa a hana shi ruwa. Amma kowa ya san mai shanu hamsin da tsohuwa mai tulu ɗaya ba nauyi ɗaya ke kansu ba. In mai shanun ya noƙe, ba alƙalin da zai kira shi, sai dai garin ya san shi. Abin da na ce da abokinmu mai shari'a ke nan: tsakanin abin da doka ta hana da abin da mutunci ya hana akwai fili mai faɗi, kuma yawancin zaman mutane a wannan fili ake yin sa.

Tukuicin manya

Adalci ya sa in faɗi cewa ba duka suka noƙe ba. Google ya ɗauki Guido van Rossum aiki daga 2005 zuwa 2012, daga nan ya koma Dropbox, a 2020 kuma Microsoft. Shopify na biyan injiniyoyi su ƙara wa Ruby gudu, kuma aikin nasu ya shiga cikin harshen kowa ya samu. A ƙarshen 2021, da ɗaya daga cikin manyan masu kula da PHP ya koma wani aikin, wasu kamfanoni irin su JetBrains da Automattic suka kafa gidauniya don a riƙa biyan masu kula da shi. Facebook ya buɗe React a 2013.

Sai dai tukuicin babba yana zuwa da nasa nauyin. Wanda ke biyan masu yasa, shi ake saurare in ana shawarar inda za a sa bakin rijiya. React ɗin nan daga baya an sa masa wani sharaɗi a lasisinsa da ya shafi haƙƙin ƙirƙira, wanda ya tayar da hankalin mutane. A 2017 gidauniyar Apache ta hana amfani da irin wannan lasisi a ayyukanta, masu WordPress suka ce za su bar React, sannan Facebook ya janye sharaɗin. Ni abin da na koya a nan shi ne jama'ar da ke kewaye da rijiya in sun haɗa baki, mai shanu ma yana ja da baya. Kuma abin da ya ba su wannan ƙarfi shi ne tushen a buɗe yake: in rigima ta yi tsanani, suna iya ɗaukar kofinsa su ci gaba da nasu.

Wani zai ce kamfanoni don ribarsu suke bayarwa, ba don Allah ba. Mai yiwuwa. Niyya tsakanin mutum da Ubangijinsa take. Mai shanun da ya fito yasa don kada shanunsa su mutu da ƙishirwa, tsohuwa ta dai sha ruwa mai kyau. Ni wanda ke damuna shi ne mai sha ya goge baki, ya kuma juyo ya ce ruwan na banza ne.

Ni fa?

Nan ne maganar ta juyo kaina, kuma ba ta yi mini daɗi ba.

Bara, don wani aikin aji, na tara labaran Hausa da na rubuta daga bakin tsofaffi, ina so in jera kalmomin bisa tsarin abacada in ƙirga su. Abokina ya koya mini ɗan Python. Na ba kwamfuta umarni ta jera. Sai ga ƙasa da ƙarfe da ɗaki da ɓera duk sun koma can ƙarshe, bayan zomo da zuma. Dalili kuwa, harshen yana jera haruffa ne bisa lambar da aka ba kowannensu a tsarin Unicode, kuma lambobin haruffanmu masu lanƙwasa sun fi na z girma. Muka zauna dare ɗaya muka rubuta ƴan layuka da ke sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, ƴ bayan y, suna kuma gane cewa sh da ts haruffa ne masu zaman kansu. Muka ƙara wani da ke mayar da 'y ta rubutun Najeriya zuwa ƴ tamu, don kada kalma ɗaya ta ƙirgu sau biyu. Aiki ya yi kyau, na samu maki.

Ina layukan nan yanzu? Suna cikin kile ɗina, a aljihun jaka. Wata ƴar ajinmu ta taɓa tambayata yadda na yi, na ce mata abin da wuya, sai wani lokaci. Gaskiyar ita ce ban so ta kamo ni ba. Na sha daga rijiyar wani mutumin Holan da bai san da ni ba, na samu ɗan abin da ke iya amfanar masu harshena, na ɓoye. Girman Facebook da nawa ba ɗaya ba ne, amma shi ko ba komai ya buɗe wani abu.

Mu kan ce ba mu da abin bayarwa, mu talakawan intanet ne, kuɗin koneksiyo ma da ƙyar. Ban yarda ba. Muna da abin da injiniyoyin Kalifoniya ba su da shi: mun san inda ƙ take zama. Manhajoji masu buɗaɗɗen tushe da yawa suna karɓar fassara daga duk wanda ya kawo. Wikipedia ta Hausa kowa na iya gyara ta, kuma wanda ya leƙa zai ga garuruwanmu da yawa layi biyu ko uku aka rubuta a kansu. Wanda ya ga kuskure a manhaja ya sanar da masu ita cikin ladabi, shi ma ya ɗebe kwando ɗaya na yashi. In ba mu yi ba, wani zai yi mana daga nesa, da Hausar da ya tsinta, sannan mu zauna a fada muna dariyar fassarar.

Alhaji dai bai neme mu ba. Mun ji an ba wani kamfani aikin a kan kuɗin da ya ninka na abokina. Da shafin ya fito abokina ya buɗe shi, ya leƙa ƙarƙashinsa kamar yadda suka iya, ya kira ni yana dariya har da hawaye. WordPress ne. Wato PHP. Na ce ya je ya gaya wa Alhaji, ya ce a'a, girmansa ne, ya bar shi. Batirin kwamfutarsa har yanzu sai an jona.

Ni kuma ran da muka dawo Yamai na nemi ƴar ajin nan tamu, na ba ta haƙuri, na kofe mata layukan. Ta gano wani kuskure da ban gani ba: mun manta da manyan haruffa, Ƙ da Ɗ da Ɓ suna ta komawa ƙarshe. Ta gyara. Yanzu abokina na koya mana yadda za mu ɗora su inda kowa zai samu. Kafin nan, duk mai aiki a kan rubutun Hausa da ke buƙatarsu, ya same ni a fakulte da kile ɗinsa. Sharaɗi ɗaya ne: in ka gyara wani abu, ka dawo mana da shi.